Kan sarki da katin wasiƙa: yadda Gwandu ta ga tsare-tsaren mulkin Najeriya

Bahaushe bai sha wahala ba wajen raɗa wa 'yar takardar nan da ake mannawa a jikin ambulan suna. Ya duba ya ga kan wani mai sarauta, sai ya kira ta kan sarki, sunan kuwa ya bi ta har yau, ko da hoton giwa ne ko na gada a jikinta. Kan da aka fara gani a na Jihar Arewa a 1900 na mace ne, Sarauniya Biktoriya. Daga baya aka sa na ɗanta Edward na Bakwai, sannan na jikanta George na Biyar, wanda a zamaninsa aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, kan sarkin ya koma ɗauke da suna guda, Najeriya. Duk wanda ya lasa bayan wannan takarda ya manna, ya sani ko bai sani ba, ya shaida wane ne mai ƙasa.

Wannan ne ya sa masu tara tsofaffin kayan gidan waya ba su ɗauki abin da suke yi a matsayin wasa ba. A wurinsu kan sarki da katin wasiƙa shaidu ne, musamman idan hatimin gidan waya ya fito sosai, da sunan gari da kwanan wata. Katin wasiƙa, wato katin nan mai kauri da ake aikawa tsirara babu ambulan, gwamnatin Ostiriya ce ta fara fitar da shi ranar 1 ga Oktoba 1869, Ingila ta bi sahu ranar 1 ga Oktoba 1870. A 1894 aka yardar wa 'yan kasuwa a Ingila su buga nasu masu hoto, a 1902 kuma aka raba bayan katin gida biyu, gefe guda na adireshi, gefe guda na saƙo, gaban ya zama na hoto kacokan. Daga nan abin ya zama annoba. Araha gare shi, kowa na iya karanta shi a hanya, kuma hoto ba ya bukatar tafinta.

Cikin abubuwan da aka riƙa bugawa a kan waɗannan katuna har da ranakun da al'ummu suka samu kundin tsarin mulki. Mafi shahara su ne na Daular Usmaniyya ta Turkiyya (a bambanta ta da tamu ta Sakkwato, wadda ita ma haka ake kiranta). A watan Yuli na 1908 hafsoshin soja suka tilasta wa Sultan Abdulhamid na Biyu ya maido da kundin 1876, wanda ya jingine tun 1878. Cikin 'yan makonni shagunan Istanbul da Salonika suka cika da katuna masu hotunan hafsoshin da suka yi boren, irin su Anwar da Niyazi, da tutoci, da kalmomin 'yanci da daidaito da 'yan'uwantaka cikin Turkanci da Faransanci da Girkanci da Armeniyanci. Murnar ba ta yi ƙarko ba, domin shekara goma bayan haka daular ta kama hanyar wargajewa, amma katunan sun rage, suna nuna abin da mutane suka sa rai da shi a wancan bazara. A Amurka kuwa abin da ake tunawa shi ne amincewar jihohi ɗaya bayan ɗaya: Delaware ta fara ranar 7 ga Disamba 1787, New Hampshire ta cike ta tara ranar 21 ga Yuni 1788, adadin da ake bukata kundin ya kama aiki. Gidan wayar ƙasar ya fitar da kan sarkin tunawa da wannan rana a 1938, daga 1987 zuwa 1990 kuma ya bi jihohi goma sha uku na asali, kowacce da nata.

To, a ce wani ɗan Gwandu ko Kalgo ya ƙudura tara irin waɗannan kaya na ƙasarsa, me zai samu ya jera a kan tebur?

Zai fara da kan sarki guda biyu na watan Maris 1959, na murnar samun mulkin kan Jihar Arewa: na taro mai hoton zauren majalisa na Lugard Hall a Kaduna, da na sule mai hoton babban masallacin Kano. Zai bi da guda huɗu na ranar 1 ga Oktoba 1960: ginin majalisar tarayya, da wani mutum cikin kwalekwale, da ginin Kotun Ƙoli, da kurciya da taswira. Sai guda uku na ranar 1 ga Oktoba 1963, ranar zama jamhuriya, kowanne da fuskar Nnamdi Azikiwe kusa da wani ginin gwamnati a Legas. Idan ya ƙura musu ido zai lura da abu guda: gine-gine ne da shugabanni da ranaku. Ranar da jama'a suka amince da kundin ba ta ciki, kuma dalilin a fili yake. Tun daga 1914 har yau ba a taɓa miƙa wa 'yan Najeriya wani kundin tsarin mulki a ƙuri'ar raba gardama aka ce su karɓa ko su ƙi ba.

Wannan giɓi ya fi ciwo idan aka dube shi daga Gwandu, domin garin yana da tsohuwar alaƙa da tambayar wa ya cancanci mulki, kuma da yardar wa.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, a shekarar da jama'ar Shehu suka sauka Gwandu suka mai da ita sansani. Wajen 1807 ransa ya ɓaci da abin da yake gani a cikin rundunar, na kwaɗayin ganima da son muƙami, har ya bar ta da niyyar tafiya Makka. A Kano aka tare shi, aka roƙe shi ya zauna ya koyar, a can kuma ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafin da ya shimfiɗa hukuncin hijira, da sharuɗɗan naɗa shugaba, da ayyukan waziri da alƙali da sauran muƙarrabai, da dokokin yaƙi, da iyakar abin da mai mulki zai iya yi da sunan siyasa. Ya biyo shi da wasu irinsa, kamar Diya'us Sultan da Diya'us Siyasat, yana kafa hujja da malaman Malikiyya, har da Al-Maghili wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Rumfa nasiha fiye da shekara ɗari uku kafin nan. Kuskure ne a kira waɗannan littattafai kundin tsarin mulki a ma'anar yau, tun da babu majalisar da ta zartar da su, kuma tushen ikonsu shari'a ce. Duk da haka aikin da suka yi ya yi kama da nasa: sun rubuta ƙa'ida a baƙi da fari, yadda malami a ƙauye zai iya buɗe takarda ya ce wa sarki ya kauce. Abdullahi ya tsananta a kan shawara, ya kuma ƙyamaci shugabanci ya rikiɗe ya zama mulkin gado irin na sarakunan da aka yaƙa.

Tarihi ya gwada shi a kan maganarsa. A 1812 Shehu ya raba kula da daula tsakanin ɗansa Muhammadu Bello a gabas da Abdullahi a yamma. Da Shehu ya rasu a watan Afrilu 1817, jama'ar Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a, ruwayoyi kuma sun ce Abdullahi ya iso ya tarar an rufe ƙofar gari. Ya koma Gwandu. Sai da tawayen Kalambaina ya matsa masa, Bello ya kawo ɗauki, sannan baffa da ɗa suka daidaita, Abdullahi ya yi mubaya'a, Bello ya tabbatar masa da yamma. Daga wannan sulhu aka samu daula mai kai biyu: Gwandu na naɗa sarakunan Ilori da Nupe, ikonta ya kai Yawuri da Dendi da Say har Liptako a Burkina Faso ta yau. Abin lura, sarautar Gwandu ita ma ta zauna a gidan Abdullahi bayan rasuwarsa a 1829, tana nan a zuriyarsa har yanzu. Mai rubuta ƙa'ida ba ya zaɓar yadda magada za su karanta ta.

Takardar da ke ɗauke da alamar iko a wancan zamani ita ce wasiƙar sarki, da Larabci, da hatimi a samanta, manzo na ɗauke da ita a cikin gafaka. Gwandu gari ne na takardu. Da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka a 1853, Sarki Halilu bai yarda ya gan shi ba, amma a nan ya samu kwafin Tarikhus Sudan, tarihin Songhai da Tambutu, ya kwashe kwanaki yana kwafar sassansa, ta hannunsa kuma Turai ta fara sanin littafin.

Takardun da suka zo bayan na Barth su ne suka yi ɓarna. A 1885 Joseph Thomson ya iso da takardar yarjejeniya a madadin kamfanin Ingilishi da ya zama Royal Niger Company, ya koma yana cewa Sarkin Gwandu Maliki ya sa hannu. A 1895 Hans Gruner ya zo daga Togo, shi ma ya koma wa Jamus da tasa. Abin da fadar Gwandu ta ɗauka izinin ciniki ne ga baƙi, a teburorin Turai an karanta shi a matsayin miƙa ƙasa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta tsaga yammacin daular, Say da abin da ke bayanta suka faɗa hannun Faransa. A 1903 Gwandu ta shiga hannun Ingilishi ba tare da irin yaƙin Kano da Sakkwato ba. Lugard ya tsaya a Sakkwato a watan Maris na wannan shekara ya bayyana cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi da sa haraji ya koma hannun wanda ya ci yaƙi. Aka yanke Ilori da Nupe daga Gwandu. Bayan tawayen Satiru a 1906 aka tuɓe sarkin da ke kan gado bisa zargin goyon baya, aka naɗa Haliru Abdu, fadar kuma ta zauna a Birnin Kebbi. Garin Gwandu ya rage da sunan masarauta da hubbaren Malam Abdullahi.

Shekara arba'in da suka biyo baya, Arewa ba ta da ko kujera a inda ake yin doka. Tsarin Clifford na 1922 ya kafa majalisa a Legas, amma hurumin ta bai haɗa da Arewa ba. Gwamna ne ke yi wa yankin doka da alƙalaminsa. Tsarin Richards, wanda ya kama aiki ranar 1 ga Janairu 1947, shi ya fara zaunar da 'yan Arewa da 'yan Kudu a majalisa guda, ya kuma kafa Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai a Kaduna. Sarkin Gwandu Yahaya, wanda babban asibitin Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa, yana cikin sarakunan da suka wakilci Arewa a majalisar ta Legas. Sai dai tsarin kansa an rubuta shi ne tsakanin ofishin Gwamna da Landan, sukar da ya fi sha kuwa ita ce ba a tambayi kowa ba.

Gwamna Macpherson ya ji wannan suka. Daga 1949 aka shiga tuntuɓa tun daga matakin ƙauye da gunduma, zuwa lardi, zuwa jiha, aka ƙare da babban taro a Ibadan a watan Janairu 1950. Idan ana neman lokacin da aka fi kusantar tambayar talakan ƙasar Gwandu ra'ayinsa a kan tsarin mulki, wannan ne, ko da yake a ƙarƙashin En'e aka yi tarukan, a gaban hakimi da dagaci, inda ba kowace magana ke fita daga baki ba. A Ibadan ne Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo suka kafe cewa ko a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ko ta koma yadda take kafin 1914. Aka ba ta 68 cikin 136. A wannan tsakanin ne Sa'adu Zungur ya rubuta waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda take kanta muhawara ce a kan wane irin tsari ya dace da yankin. Wannan ma abin lura ne ga mai tara kaya: a ƙasar Hausa abin da kati ya yi a Istanbul, waƙa ce ta yi shi, sai kuma shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939. Inda masu karatun boko ba su da yawa, kuma gidan waya sai a hedikwatar lardi da manyan garuruwa, abin da ake haddacewa ya fi abin da ake aikawa saurin tafiya.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Rikicin 1953 a kan ƙudurin neman mulkin kai a 1956, da tarzomar Kano da ta biyo baya, suka kai ga taron Landan da tsarin tarayya na 1954. Tarukan 1957 da 1958 suka tsai da ranaku. Arewa ta zaɓi 15 ga Maris 1959, daidai shekara 56 da faɗuwar Sakkwato, zaɓin da ba a yi shi da ka ba. Da yake ranar ta faɗo cikin azumi, sai aka ɗage manyan bukukuwan da hawan daba zuwa watan Mayu.

A nan ne kan sarkin taro mai hoton Lugard Hall ya zama na Gwandu fiye da yadda ake zato. Zauren ya ɗauki majalisu biyu. Ta Sarakuna, shugabanta daga ƙarshen shekarun 1950 har juyin mulkin 1966 shi ne Sarkin Gwandu Haruna Rashid, wanda ya hau gado a 1954 ya yi shekara 41 a kai. Ta Wakilai kuwa, kakakinta a farkon shekarun 'yancin kai Alhaji Umaru Gwandu ne. Wato a lokacin da Arewa ke da nata kundin tsarin mulki na jiha, da nata Firimiya, da nata tambari, mutanen masarauta guda ne ke riƙe da gudumar majalisun biyu. Majalisar Sarakunan nan ba ta ado ba ce. Doka sai ta bi ta cikinta, sarakuna kuma na zama ministoci marasa ma'aikata a majalisar zartarwa. A jerin girma na sarakunan Arewa, Gwandu ce ta uku, bayan Sarkin Musulmi da Shehun Borno, gadon wancan sulhu na Kalambaina.

Akwai waɗanda hoton ginin ya ɓoye. A zaɓen tarayya na Disamba 1959, wanda ya ba Arewa kujeru 174 cikin 312, matan Kudu sun yi zaɓe, na Arewa ba su yi ba. Mace a Kalgo ko Gwandu ba ta samu ƙuri'a ba sai a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kundin 1979 kuma ya tabbatar mata da ita. Saboda haka ko da an yi raba gardama a 1960, rabin manyan mutanen yankin ba za su shiga rumfa ba.

Kundin 'yancin kai na 1960 kansa doka ce ta Ingila: majalisar Landan ta zartar da dokar ba da 'yanci, fadar Sarauniya ta fitar da kundin a matsayin umarni, Gimbiya Alexandra ta kawo takardun Legas. Sarauniya ta ci gaba da zama shugabar ƙasa, ɗaukaka ƙara ta ƙarshe kuma na tafiya Landan. Na 1963 ne kaɗai majalisar da 'yan Najeriya suka zaɓa ta zartar da kanta, bayan shugabannin jam'iyyu sun daidaita a wani taro a Legas. Shi ya sa kan sarkin 1963 ya fi sauran nauyi a tarin: kan da ke jikinsa ba na sarki ba ne, na ɗan jarida ne haifaffen Zungeru. A wannan shekara an yi raba gardama guda, a watan Yuli, amma a kan ƙirƙiro Jihar Tsakiyar Yamma ne, kamar yadda aka tambayi mutanen Arewacin Kamaru a 1959 da 1961 inda suke so su kasance. An san hanyar ke nan, ba a dai bi da kundin ta cikinta ba.

A watan Janairu 1966 soja suka jingine sassan kundin da dokarsu ta farko, Majalisar Sarakuna ta Kaduna ta rufe, ba ta sake buɗewa ba. Lugard Hall yau majalisar dokokin Jihar Kaduna ce. Yankin Kebbi ya ci gaba da fitowa a kan sarki, amma ta wata fuska: jerin da ya zo da naira da kwabo a 1973 ya sa bikin kamun kifi na Argungu a kan na kwabo 30. Masunta da ƙorai sun maye gurbin zauren majalisa.

Kundin 1979 ya fi kowanne shan aiki. Murtala Muhammed ya kafa kwamitin rubutawa a watan Oktoba 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams, mutum 49 bayan Awolowo ya ƙi karɓar kujerarsa, babu mace ko ɗaya a ciki. Majalisar tsara mulki, wadda akasarin wakilanta ƙananan hukumomi ne suka zaɓo su, ta zauna daga 1977 zuwa 1978 ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, ta kusa watsewa a watan Afrilu 1978 a kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice na ɗan lokaci. Bayan ta gama, majalisar ƙoli ta soja ta yi wa daftarin gyare-gyare, ta cusa dokar mallakar filaye da ta bautar ƙasa, sannan ta fitar da shi a matsayin dokar soja. Ga sarakuna, kundin ya rage musu ƙofa ƙarama: majalisar sarakuna a kowace jiha mai ba da shawara, da wakili guda daga kowacce a Majalisar Ƙasa. Na 1989 bai taɓa aiki gaba ɗayansa ba, daftarin 1995 kuma ya mutu a aljihun tebur.

Na 1999, wanda ake kai yanzu, kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ne ya tattara ra'ayoyi a kansa cikin 'yan makonni, gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar da shi a matsayin Dokar Soja ta 24 ranar 5 ga Mayu 1999, bayan an riga an gama zaɓuɓɓuka. Waɗanda suka tsaya takara sun nemi kujerun da ba su ga dokar da ta fayyace ikonsu ba. Gabatarwarsa na cewa al'ummar Najeriya ne suka tsara wa kansu shi, lauyoyi da dama kuwa sun daɗe suna kiran wannan jimla ƙarya ta farko a cikin littafin. Ko ba a kai ga wannan zafi ba, da wuya a musa cewa jimlar buri ce, ba labarin abin da ya faru ba. A wannan kundi sarakuna sun fita gaba ɗaya. Naɗi da tuɓewa sun koma ƙarƙashin dokokin jihohi, masarautar Gwandu kuma ta ɗanɗana ma'anar haka a 2005, lokacin da gwamnatin jiha ta sauke Sarki Mustafa Haruna Jokolo ta naɗa Muhammadu Iliyasu Bashar, shari'ar da ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli tsawon kusan shekara ashirin. Gidan da ya riƙe gudumar majalisa a 1960 ya koma mai neman fassarar dokar jiha a gaban alƙali.

Tsallaken iyaka, ta Kamba zuwa Gaya da Dosso, labarin ya sha bamban, kuma ya kamata ya rage wa mai sha'awar raba gardama ɗoki. Jikokin mutanen da suka taɓa bin Gwandu a Say da Dendi an tambaye su sau da yawa. An tambaye su ranar 28 ga Satumba 1958 a kan kundin De Gaulle, inda Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a suka sha kaye a zaɓen da hannun Faransa ya yi nauyi a cikinsa. An sake tambayarsu a 1989, da 1992, da 1996, da 1999, da 2009 lokacin tazarcen Tandja, da 31 ga Oktoba 2010. Kowane karo an ce sun amince, kuma kusan kowane kundi soja ne suka naɗe shi, na 2010 ma a watan Yuli 2023. Na Najeriya da ba a tambayi kowa a kansa ba ya haura shekara 25 yana aiki, ya fi duk waɗanda suka gabace shi tun 1960 daɗewa. Ƙuri'ar amincewa ba ta hana tankar yaƙi fitowa. Abin da take bayarwa ya fi haka ƙanƙanta, amma ba a raina shi: rana guda da ɗan ƙasa zai nuna ya ce a nan aka tambaye shi, wadda kuma mai karya kundin zai san ita ya taka.

Katin wasiƙa dai zamaninsa ya wuce kafin a kai nan. Wayar salula ta shigo a 2001, gidajen waya suka yi shiru, aikin tunawa da rana ya koma kan kalanda da atamfa mai hoto da saƙonnin WhatsApp, waɗanda ba su da hatimi, ba su da tabbacin kwana. Tsofaffin katunan Arewa na zamanin Turawa, masu hoton ganuwa da kasuwa da 'yan lifida, yawancinsu suna hannun 'yan gwanjo a Turai, domin can aka aika su tun farko. Abin da ya rage a gida yana cikin akwatunan iyalai, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda gara da zafi da ƙarancin kuɗi ke aikinsu a hankali. Ambulan guda mai hatimin Birnin Kebbi na Oktoba 1960, da sunan wanda aka aika wa, ya fi kan sarki sabo fil daraja ga mai tarihi, domin shi ke nuna wa ke rubuta wa wa, da wane harshe, a makon da ƙasa ta sauya hannu.

Sunayen Gwandu da Kalgo kuwa suna cikin kundin 1999 da kansa. Jadawalin farko ya jera ƙananan hukumomi 768 da yankunan Abuja 6, a ƙarƙashin Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, akwai 21, su biyun na ciki. A Majalisar Wakilai Kalgo na tare da Birnin Kebbi da Bunza, Gwandu na tare da Aliero da Jega. Sashe na 8 ya ce idan za a ƙirƙiro sabuwar jiha ko sabuwar ƙaramar hukuma, dole a yi raba gardama a yankin da abin ya shafa, kashi biyu cikin uku su amince. Sashe na 9, wanda ya tsara yadda ake gyara kundin kansa, bai ambaci jama'a ba: kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ana iya kiransa rumfa a tambaye shi ko a raba Kalgo gida biyu. Gyare-gyaren da aka sa wa hannu a watan Maris 2023, waɗanda suka ba jihohi ikon shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari, a madadinsa mutum 24 ne ke da bakin magana a kansu, a zauren majalisar dokoki da ke Birnin Kebbi.